Kilo Ɗari Shida na Hikimar Darakta

Da asuba, tun gari bai gama wayewa ba, Daraktan Tsimin Mai yana tsaye gaban madubi yana yi wa duniya jawabi. Sabuwar kwat ce a jikinsa, ruwan toka, da jan ƙyalle ɗaure a wuya. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Ɗigo ɗaya," in ji shi, "ɗigo ɗaya tak, shi ne tsakanin kamfani da kango."

Ya dakata don a yi tafi. Ya ba masu tafin lokaci sosai, har da ɗaga hannu yana roƙonsu su zauna.

A tsakar gida motarsa tana ruri tun kafin ya shiga wanka, babu kowa a ciki, na'urar sanyi a kunne, don kada kwat ta haɗu da zufa. Matarsa ta leƙo da kofin shayi.

"Baban yara, motar nan fa ta kusa awa tana shan mai a tsaye."

"Wannan man ƙasa ne," ya ce, bai ko juyo ba. "Ni na sama nake tsimi. Ki daina haɗa ilimi da harkar gida."

Gaskiya ba a cika samun irinsa ba. Kamfanin jirage ya yi babbar sa'a ranar da aka ɗauko shi daga sashen sayen labule da kujeru aka damƙa masa man jirage tara. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa riƙe tiyon mai ba, kuma nan ƙarfinsa yake: sanin aiki bai ɓata masa tunani ba. A gabansa Yallaɓai ake ce masa. A bayansa, daga masu shara har matuƙa, Ɗigo.

Shi ya gano cewa nauyi ke shan mai. Kowa ya san haka tun ranar da aka ƙera jirgi, amma babu wanda ya taɓa kiran taro a kai. Ya kwashe mujallu daga bayan kujeru. Ya sa aka rage wa cokula tsawo. Ruwan banɗaki ya raba shi biyu, ya bi da takarda cewa fasinja mai tarbiyya a gida yake gama uzurinsa. Da waɗannan suka ƙare sai ya faɗa kan babban sirri: man da kansa nauyi ne, jirgin da ya ɗauki mai da yawa sai ya ƙona mai don ɗaukar man. Ranar da ya fahimci haka, don murna, sau biyu ya ci abincin rana.

Doka ce kawai ta tsaya masa a maƙogwaro. Ta ce kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da ɗan ƙari saboda iska, da wanda zai kai shi wani fili idan na farko ya ƙi saukuwa, sannan da na minti talatin na ƙarshe wanda ba a taɓawa sai rai ya zo wuya. Waɗannan huɗu ba shi da ikon soke su. Amma akwai na biyar, wanda kyaftin ke ƙarawa da kansa idan ya hango layi ko hadari. Shi ne Ɗigo ya raɗa wa suna man fargaba. Ya kafa farin allo a baranda, daidai ƙofar banɗakin maza, duk kyaftin da ya nemi ƙari a rubuta shi da jan alƙalami har da yawan kilo. Matasa masu neman ƙarin girma suka daina nema. Wani tsohon Kyaftin da saura masa wata bakwai ya ajiye aiki, shi ne kullum a saman allon. In an manta ba a rubuta shi ba, yakan karɓi alƙalamin ya rubuta kansa.

To, yau ranar Ɗigo ce. A babban birni, tafiyar awa ɗaya da minti goma a sama, za a buɗe Taron Tsimin Man Jirage. Ƙarfe goma daidai shi ne mai jawabi, kuma a nan za a ƙaddamar da littafinsa, Sirrin Ɗigo, kwafi dubu da ɗari biyar, mai kauri, da hotonsa gaba da baya. Mai kamfanin, wadda ake kira Uwar Kamfani, ta ce da an gama jawabin za ta faɗi wanda zai zama Manajan Darakta: ko shi, ko Daraktan Gyara, wani shiru-shiru mai baƙin mai a ƙarƙashin farce, wanda tun jiya ya tafi. Uwar Kamfani kuwa tana da magana ɗaya da kowa ya haddace: mutumin da bai iya kai kansa wuri a kan lokaci ba, ba zai kai mata jirage ba.

Don haka bakwai da kwata Ɗigo ya iso filin jirgi da kwali talatin da mahaifiyarsa, Inna, wadda ya ɗauko don ta ga abin da ta haifa. Ya ajiye ta a ɗakin jira, ya shiga ɗakin tsara tafiya don a gaishe shi.

Ɗaki ne mara taga, allon kwamfuta uku, butar shayi mai ɓallallen hannu, da injin buga takarda da sai an mare shi yake aiki. Mai tsara tafiya, wata mata mai tabarau da ta shekara goma sha tara a kujerar nan, tana zaune da takardar mai a gabanta. Tsohon Kyaftin yana tsaye a kanta, hula a hammata.

"Yallaɓai, akwai magana," in ji ta. "Jirgi ya cika maƙil, babu kujera ko ɗaya. Da kwalayenka mun kai iyakar nauyi. Kyaftin yana son ƙarin minti goma sha biyar, kilo ɗari shida ke nan. Kwalayen ma kilo ɗari shida ne."

"Ko littafi, ko mai," in ji Kyaftin.

Ɗigo ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibin da ya maimaita aji. "Hadari ka gani?"

"Sama tas take."

"To fargabar me?"

"Taronka. Jirgi goma sha huɗu za su sauka tsakanin tara da tara da rabi, duk masu zuwa jin yadda ake tsimin mai. Titi ɗaya ne. Za a yi layi."

Ɗigo ya gyara tsayuwa, ya ɓalle maɓallin kwat ɗaya. Mai tsara tafiya ta cire tabarau, don ta san abin da ke tafe.

"Kyaftin, shekara talatin kana tuƙi, amma jirgi kawai ka sani. Ni manufa na sani. Man da kake nema, jirgi ɗaya zai riƙe, na minti goma sha biyar, sannan ya zama hayaƙi. Littafin nan jiragen duniya zai riƙe har jikokinmu. Kana so in bar ilimi a ƙasa in ɗauki hayaƙi? In je taron tsimi da tanki cike kamar mai gudun hijira? Me za a ce da ni?"

Kyaftin ya dubi takardar. Huɗun da doka ta ce duk sun cika. Filin da za a juya in an rasa sauka, Yallaɓai da kansa ya zaɓa tun bara: wani ƙaramin fili da kamfani bai taɓa sauka cikinsa ba, amma shi ne mafi kusa, kusa kuwa ba ya cin mai da yawa.

"Doka ta cika, zan tashi," ya ce. "Amma 'yar'uwa, ki rubuta: minti biyar gare ni na jira. Na shida in ya zo, na juya, ko wa ke cikin jirgin."

"Rubuta," in ji Ɗigo. "Ki rubuta kuma ni na ba da umarni. Da manyan baƙaƙe."

Ta rubuta. Ya sa hannu, sa hannun da ya cinye sulusin takardar.

Suna kai sama ya karɓi makirfo daga hannun shugabar ma'aikatan jirgi, ya sanar da fasinjoji cewa suna cikin tarihi, domin babu jirgin da ya taɓa yin wannan tafiya da mai kaɗan kamar nasu. Ya dakata don tafi. Wata mata a layi na shida ta fara salati. Wani ɗan kasuwa ya tambayi na kusa da shi ko wasa ake yi.

"Auta, zo ka zauna," in ji Inna daga kujerar gaba. "Kana tsorata mutane."

"Inna, a nan Darakta ake cewa."

"To Darakta, Auta, zauna."

Tara da minti ashirin da biyu, birni ya bayyana a ƙasa, har Ɗigo ya nuna wa Inna rufin zauren taron, wani fari mai kama da kifaffen kwano. Sai jirgi ya karkata hagu. Zauren ya wuce. Can sai ga shi ya dawo. Ya sake wucewa. Ta taga ana ganin wasu jirage sama da ƙasa, jere kamar kwanuka a kanta, kowa yana zagaye, kowa yana ƙona mai, duk masana tsimi ne.

Muryar Kyaftin ta fito a lasifika, a kwance kamar mai karanta farashin kayan miya. Wani jirgi ya fasa taya a kan titi, ana kwashe ɓaraguzai. Hasumiyar kula da jirage ta ce sai nan da minti goma sha takwas za a ba su sauka. Zai jira biyar ko za a rage, in ba a rage ba za su tafi wani fili.

Ɗigo gwani ne a lissafi. Biyar da goma sha biyar, ashirin. Ashirin ta fi goma sha takwas. Ya yi lissafin sau biyu ko zai canza, bai canza ba. Ya kwance bel, ya tafi wurin shugabar ma'aikata, ya ce ta buɗe masa ƙofar matuƙa.

"Ba a buɗewa, Yallaɓai. Sai dai waya."

Ya fizgi wayar. "Kyaftin, Darakta ne. Ka gaya wa hasumiya wanda ke cikin jirgin nan."

"Na sama da mu ma mai jawabi ne, Yallaɓai. Na ƙasa da mu shugaban taron ne."

"To ka ce manmu ya yi ƙasa."

"Na faɗa. Sun ce sun ji, Allah ya sawwaƙe. Wannan ba ya tsallake layi."

"Me ke tsallake layi?"

"In ce rai yana cikin haɗari. Sai a kori kowa, mu sauka, motocin kashe gobara su raka mu har ƙofa, 'yan taro suna kallo. Masu bincike su zo su ce a kawo takardar mai, su ga wanda ya sa hannu. Ko da kana so ma ba zan faɗa ba, ƙarya ce, ina da inda zan je. Saura uku."

"Taɓa na minti talatin ɗin mana! Ajiye shi aka yi don ado?"

"Saura biyu da rabi," in ji Kyaftin, ya kashe.

Babban mutum ba ya rasa dabara. Ɗigo ya juyo ya fuskanci fasinjoji ɗari da arba'in da takwas, ya ce lokacin sadaukarwa ya yi. Kowa ya kashe fitilar karatu. Kowa ya toshe bututun iska da ke saman kansa. A daina yawan motsi, motsi nauyi ne. Sannan ya hango manyan butocin shayi biyu a kan keken rabon abinci, kowacce lita biyar, idonsa ya yi haske.

"A raba shayin nan yanzu! Kowa ya sha, a shanye tas. Kilo goma ke nan mun rage."

Abin mamaki, an fara rabawa. Mutum in ya tsorata ba ya gardama da mai kwat. Ɗan kasuwan nan ya shanye kofi uku a jere yana ƙona harshe. Inna ta karɓi nata, ta hura, ta kurɓa, ta dubi ɗanta.

"Auta, in mun sha, ina shayin zai tafi? Ba a cikin jirgin muke ba?"

Kafin ya samo amsar da ta dace da matsayinsa, jirgi ya miƙe fukafukai ya ba birni baya. Farin rufin zauren ya yi ƙanƙanta, ya shige ƙarƙashin fiffike, bai sake dawowa ba.

Ya zauna. Ya fara tsara yadda zai gaya wa Uwar Kamfani cewa tsoron wani tsoho ne ya jawo. Har ya samo kalmomi masu kyau, rashin hangen nesa, tsohon tunani, lokacin da ƙaramin filin ya bayyana: titi ɗaya siriri, gini ɗaya mai rufin kwano, ciyawa ko'ina. Tayoyi suka fito. Ƙasa ta matso har ana ganin shanyar wani gida. Sai injuna suka yi wata irin ƙara, hancin jirgi ya ɗaga, kowa ya manne da kujera, suka koma sama.

Kyaftin ya ce a yi haƙuri, mai yankan ciyawa ne da tarakta a tsakiyar titi, ba a saba ganin jirgi a wannan lokaci ba. Za su zagayo su sake gwadawa. Amma shugabar ma'aikata, da ke zaune tana fuskantar Ɗigo, ta ɗauki waya ta saurara, ta ajiye, ta ja bel ɗinta ta ƙara tamkewa.

"Me ya ce?" in ji Ɗigo.

"Mun shiga na talatin ɗin, Yallaɓai."

A shafi na goma sha biyu na Sirrin Ɗigo akwai jadawali mai launi da ke nuna cewa minti talatin ɗin nan almubazzaranci ne, tafki ne da ake yawo da shi a sama, goma sha biyar ma ta isa. A takarda tafki ne. A agogon hannu kuwa, mai tsinken daƙiƙa da ke tafiya ba ya waiwaye, Ɗigo ya ga abin bai kai cikin kofi ba. Ashirin da tara. Ya kasa kunne ga injin dama, ya ji kamar ya canza murya. Ya koma na hagu, shi ma haka. Zufa ta keto, ta ratsa riga, ta ratsa kwat. Ya tuna da kwali talatin da ke kwance a ƙarƙashin ƙafarsa, hotonsa dubu uku, gaba da baya, babu wanda zai ƙonu ya tura jirgi ko taku ɗaya. Ashirin da bakwai. Ya fara addu'o'in da rabonsa da su tun yana makarantar firamare, yana haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

"Auta, sake ni," in ji Inna. "Za ka karya mini yatsa."

Suka sauka da saura minti ashirin da shida. Fasinjoji suka ɓarke da tafi, dogo, har da masu kuka. Wannan karon Ɗigo bai ɗaga hannu ya ce a zauna ba.

Filin ba shi da matakalar da ta kai ƙofar jirgi irin wannan, sai da aka ɗora wata a bayan motar kaya. Ana cikin haka wayoyi suka samu layi. Goma da minti goma sha ɗaya. Saƙo ya shigo daga mai tsara tafiya, gajere kamar yadda ta saba: Uwar Kamfani ta jira minti huɗu. An ba Daraktan Gyara makirfo, ya ce shi dai ya san jirgi ba ya tashi da magana, ya zauna. An sanar shi ne sabon Manajan Darakta. Masu bincike kuma sun aiko a ajiye musu takardar mai, tunda an taɓa na ƙarshe. Ta ce ta ajiye, ba ta ko lanƙwasa ba.

Ya karanta a tsaye a kan kwalta, rana tana dukansa. Motar mai ta filin, wata tsohuwa mai tari, ta zo ta tsaya ƙarƙashin fiffike. Kyaftin ya sauko ya ce a zuba na doka, a ƙara na minti arba'in, kuma titin nan gajere ne, ga zafi, kwalaye ba za su koma ba. Aka fito da su aka jibge a gefen ciyawa. Kowa ya zuba ido ya ji abin da Daraktan Tsimi zai ce game da minti arba'in.

"Kyaftin," ya ce a hankali, "arba'in za ta isa kuwa?"

"Ta isa, Yallaɓai. Bismilla, hau."

Ɗigo ya dubi matakala. Ya dubi injin. Ya ɓalle jan ƙyallen wuyansa ya cusa a aljihu, ya ce shugaba nagari ba ya barin kayansa a daji, zai biyo da littattafan ta mota. Ya ce Inna ta sauko su tafi tare. Inna ta leƙo daga ƙofa, kofin shayi na biyu a hannunta.

"Ni ina wurin tsohon nan. Shi in ya ce biyar, biyar ce."

Mai yankan ciyawa ne ya samo masa motar ɗaukar kaya ta wani ƙaninsa. Tafiyar awa huɗu ce, kwalta lafiyayye, gidan mai a kowane gari. Direban ya ce tankinsa cike yake tun safe, ya isa zuwa da dawowa. Ɗigo ya leƙa ya duba allurar man da idonsa. Ya ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa ko ta maƙale. Ya sa aka buɗe tankin aka zura kara. Sannan ya aika aka sayo jarka biyu, lita ashirin-ashirin.

"Yallaɓai, wannan fa nauyi ne kawai," in ji direban.

"Bincike ne," in ji Ɗigo. "Kai tuƙi ka sani."

Baya ya cika da kwalaye, jarka ɗaya kawai ta samu wuri. Lokacin da jirgi ya juya zai hau titi, fasinjojin ɓangaren dama suka ga motar tana fita ta ƙofar fili. Daraktan Tsimin Mai yana gaba kusa da direba, ɗaya jarkar a kan cinyarsa, fetur yana tsatsafowa ta murfi yana jiƙa sabuwar kwat, ya rungume ta da hannu biyu.